Hausar Masu Babur a Abuja: Nazari a Kan Kalmomin Gyara, Mai da Zumunci

1.0 Gabatarwa

Kowace sana'a tana da irin Hausarta. Maƙera suna da tasu, haka ma marina da mahauta da masunta, kuma manazarta sun daɗe suna tattara kalmomin waɗannan sana'o'i na gargajiya. Sana'o'in da zamani ya kawo kuwa ba su sami irin wannan gata ba, musamman waɗanda ake yi wa kallon raini. Daga cikinsu akwai sana'ar haya da babur da abokiyar tafiyarta, wato kanikancin babur. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda masu waɗannan sana'o'i biyu a Abuja da kewayenta suke sarrafa Hausa wajen zancen abubuwa uku da abincinsu ya rataya a kai: gyaran babur, man da ake zuba masa, da zumuncin da ke tsakaninsu. Za a nuna cewa aro bai game ko'ina ba. Sunayen sassan babur ne aka aro daga Ingilishi, amma aikatau da ke bayyana lafiyarsa da cutarsa na Hausa ne. Kalmomin mai suna tafiya da tarihin tattalin arzikin ƙasa, na zumunci kuwa gado ne daga fatauci da ci-rani.

2.0 Abuja da Sana'ar Babur

An kafa Yankin Babban Birnin Tarayya da Doka ta 6 ta shekarar 1976, zamanin Janar Murtala Muhammad, gwamnati kuma ta tare a cikinsa ranar 12 ga Disamba, 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida. Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Sunan Abuja kansa ya samo asali ne daga Abu Ja, sarkin Zazzau na gidan Haɓe wanda ya kafa garinsa a 1828, garin da daga baya aka sauya wa suna zuwa Suleja. Gbagyi da Gwandara da Gade da Koro da Bassa da Ganagana, waɗanda su ne 'yan asalin yankin, sun daɗe suna cuɗanya da Hausawa, kuma da yawansu suna amfani da Hausa a matsayin harshen kasuwa.

Haya da babur ta bunƙasa a Nijeriya ne a shekarun 1980, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, lokacin da mota ta fi ƙarfin talaka, aikin albashi kuma ya yi ƙaranci. Kowane yanki ya raɗa wa sana'ar suna. A Kano da Kaduna da Jos ana cewa acaɓa, a Sakkwato da Zamfara da Jamhuriyar Nijar ana cewa kabu-kabu, a kudancin Nijeriya kuwa okada, sunan da aka ɗauko daga kamfanin jirgin sama na Okada Air. A Abuja duk waɗannan sunaye sun haɗu, har suna rikita baƙo, domin a bakin mazauna birnin kabu-kabu na nufin motar gida da ake haya da ita, ba babur ba.

Ranar 1 ga Oktoba, 2006, gwamnatin yankin, ƙarƙashin minista Malam Nasir El-Rufa'i, ta hana haya da babur a tsakiyar birni. Hanin bai kashe sana'ar ba, sai dai ya koro ta zuwa garuruwan kewaye irin su Nyanya da Karu da Kubwa da Dei-Dei da Lugbe da Zuba da Gwagwalada da Kuje, da maƙwabta irin su Mararraba da Masaka a Jihar Nasarawa, da Madalla da Suleja a Jihar Neja. A waɗannan wurare ne Bakano da Bakatsine da Basakkwace da Banijare suke jiran fasinja a inuwa ɗaya, suna kai gyara wurin bakanike ɗaya, suna sayen kayan gyara a hannun 'yan kasuwa waɗanda da yawansu Ibo ne. Hausar da ke fita daga wannan cuɗanya ita ce abin nazari a nan.

3.0 Kalmomin Gyara

3.1 Sunayen da aka aro

Abin hawan kansa suna biyu gare shi: babur, wadda ake dangantawa da Larabci, da mashin, wadda ta fito daga Ingilishi. Babur ta fi yawa a rubuce da gidajen rediyo, mashin kuwa ta fi yawa a bakin masu sana'ar. Yawancin sassan inji da kayan aikin bakanike aro ne, kuma an hausantar da su ta bin ƙa'idojin tsarin sauti waɗanda aka sani, kamar haka:

(1) Sauya baƙi. Da yake Hausa ba ta bambanta /p/ da /f/, kuma ba ta da /v/, ana samun:
piston – fistin
patch – faci
valve – bawul
service – sabis

(2) Saƙala wasali domin raba baƙaƙen da suka cunkushe a farkon kalma:
plug – fulogi
brake – birki
clutch – kuloci
grease – giris
spanner – sifana

(3) Ƙara wasali a ƙarshen kalma:
tank – tanki
nut – noti

(4) Mayar da /l/ ta ƙarshe zuwa /r/, kamar yadda ya faru ga janar da kanar:
petrol – fetur
throttle – totur

(5) Taƙaita doguwar kalma ko haɗe kalmomi biyu su zama ɗaya:
silencer – salansa
shock absorber – shokazoba

Karin harshe ma yana da nasa tasiri. Mahayin da ya fito daga yammacin ƙasar Hausa, wanda ke cewa hwari da huska, shi ne ake ji yana cewa hwaci da hulogi. Wannan ya nuna cewa kalmomin sun zauna a cikin harshen har sun bi ƙa'idar da ke raba Sakkwatanci da Kananci. Wasu kuwa ba su daidaita ba tukuna; na'urar da ke haɗa mai da iska, alal misali, wasu na kiranta kafireto, wasu kabureta.

Ta fuskar jinsi, kalmomin aro da suka ƙare da wasalin /a/ sun shiga rukunin mata, shi ya sa ake cewa tayar gaba, giyar farko, salansar mashin. Sauran kuwa maza ne, wato birkin baya, tankin mai, fulogin inji. Ta fuskar jam'i ma sun bi sawun kalmomin gida: taya – tayoyi, jarka – jarkoki, fasinja – fasinjoji, tanki – tankuna, babur – babura.

Misalin da ya fi ban sha'awa shi ne na sunan mai gyaran kansa. Kalmar Ingilishi ta fara shigowa a matsayin makanike. Daga nan Bahaushe ya ɗauki gaɓar farko a matsayin ɗafa-goshi, ya musanya ta da ba- irin ta Bakano da baduku, ya sami bakanike. Da saiwar kanik- ta tsaya da ƙafarta, sai aka gina mata jam'i kanikawa, da sunan sana'a kanikanci. Wannan hausantarwa ce ta ginin kalma, ba ta sauti kaɗai ba.

3.2 Sunayen gida

Inda sashen babur ya yi kama da wani abu da Bahaushe ya riga ya sani, ba a yi aro ba, sai aka faɗaɗa ma'ana. Wurin zama sirdi ne, kamar na doki. Abin da ake riƙewa a juya babur kai ne. Ana cewa ƙafar gaba da ƙafar baya. Abin da ke kai ƙarfin inji zuwa ƙafar baya sarƙa ce, tsinin ƙarfen da take kamawa kuwa haƙora. Ɗaukar mutum a baya goyo ne. Hular ƙarfe da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta tilasta sawa daga 1 ga Janairu, 2009, ta sami suna hular kwano, ƙaramin babur mai rufin roba kuwa roba-roba. Idan aka lura, jikin mutum da na doki su ne ma'aunin da aka auna babur da shi.

3.3 Aikatau: lafiyar babur da cutarsa

A nan ne Hausa ta riƙe matsayinta ƙam. Ga irin zancen da akan ji a rumfar gyara:

(6) Ɗan acaɓa: Sannu da aiki, Maigida. Mashin ɗin nan tun asuba ya ƙi tashi, sai na tura.
Bakanike: Yawwa, sannu. Yaushe rabonka da juye?
Ɗan acaɓa: Gaskiya an kwana biyu.
Bakanike: A ina ka sha mai jiya?
Ɗan acaɓa: Wurin 'yan bumburutu. Layi ya yi yawa a gidan mai.
Bakanike: To, shi ke nan. Man ne ya shaƙe shi. Sai an wanke kafireto, a duba fulogi in bai ƙone ba.

Kalmomin aro a cikin wannan zance sunaye ne: mashin, layi, kafireto, fulogi. Aikatau kuwa, wato tashi, tura, sha, shaƙe, wanke, duba da ƙone, duk na Hausa ne. Babur yakan tashi, yakan mutu, yakan yi tari, yakan yi zafi, yakan shaƙe. Birki mai kyau yana ci, taya da haƙora kuwa sukan cinye. Fulogi yana ba da wuta, mahayin da ya murɗa totur shi ma ya ba shi wuta. Inda babu aikatau na gida, sai a haɗa yi da sunan aro, a ce yi sabis ko yi caji.

Waɗannan kalmomi suna ɗauke da sanin yadda inji ke aiki. Juye, wadda aka samo daga aikatau juye, tana nufin zubar da tsohon baƙin mai a zuba sabo. Baƙin mai shi ne ke hana ƙarafan inji gugar juna. In ya tsufa ko ya ƙare, fistin ya yi zafi ya kame a cikin raminsa, sai a ce inji ya buga, maganinsa kuma sai an sauke inji, wanda shi ne gyara mafi tsada. Bakanike yakan kwance fulogi ya dubi launin bakinsa: in ya yi baƙi da kunkunniya, mai ya rinjayi iska, in ya yi fari fat, iska ta rinjayi mai. A lokacin hunturu ƙura kan toshe matacin iska, babur ya riƙa shan mai fiye da ƙima, da damina kuwa laka kan cinye sarƙa in ba a wanke ta ana sa mata mai ba.

Kalmar faci ta cancanci kulawa ta musamman. A harshen da aka aro ta, tana nufin abin da ake liƙe huji da shi, wato magani. A Hausa ta riƙe wannan ma'ana a cikin mai faci, amma ta ƙara wata: in aka ce taya ta yi faci, ana nufin ta huje. Sunan magani ke nan ya koma sunan cuta.

3.4 Kalmomin ingancin kaya

Kayan gyara suna isowa Abuja daga Legas da Nnewi, garin da ya yi suna wajen cinikin kayan babur. Wurin saye akan bambanta orijina da jabu, da sabo dal da na hannu. Sunayen ƙasashe da garuruwa ma sun zama sifofi: ɗan Kwatano da Beljiyam suna nufin abin da aka yi amfani da shi a waje kafin a shigo da shi, ɗan Caina kuwa a bakin mutane da yawa yana nufin mai araha, ko da kuwa ba ko da yaushe hukuncin ke zama daidai ba. Bakanike kan rufe irin wannan ciniki da karin maganar nan, araha ba ta ado.

4.0 Kalmomin Mai

Kalmar mai, wadda a da take nufin man gyaɗa da man shanu da manja, ta faɗaɗa har ta zama in an ambace ta ita kaɗai a tasha, fetur ake nufi. Daga gare ta aka gina gidan mai, layin mai, wahalar mai, tallafin mai, baƙin mai da man birki. Aikatau sha kuma yana da fuska biyu. In an ce babur yana shan mai, aibi ne, wato yana ƙona mai da yawa. In mahayi ya ce zai je ya sha mai, yana nufin zai saya. Mutum da abin hawansa sun zama jiki ɗaya a nahawu.

Zaɓin da ke gaban mahayi iri biyu ne: irin babur da zai hau, da wurin da zai sha mai. Baburan haya na shekarun 1980 da 1990, irin su Suzuki da Yamaha masu ƙarfin cc 100, da Jincheng da ta biyo bayansu daga Caina, da yawansu suna da inji mai bugu biyu, wanda ke ƙona wani mai na musamman tare da fetur, shi ya sa suke hayaƙi da ƙara. Inji mai bugu huɗu, wanda ke shaƙar mai da iska, ya matse, ya ƙone, sa'an nan ya fitar da hayaƙi, kowanne a bugu na dabam, ya fi tattalin mai. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa Bajaj Boxer ta Indiya, wadda ake kira Boksa, ta mamaye tashoshi. Tare da tsofaffin baburan nan kalmominsu ma suna ɓacewa. Yaron da ya fara koyon kanikanci a kan Boksa ba lallai ne ya san zancen haɗa mai biyu ba.

Game da wurin shan mai, akwai gidan mai, akwai kuma bumburutu, wato man da ake sayarwa a bakin titi cikin jarka da galan da kwalba. Kasuwar 'yan bumburutu, waɗanda wasu ke kira 'yan cuwa-cuwa, tana ci ne a lokacin wahalar mai. Amfaninta ga ɗan acaɓa shi ne ba zai ɓata yini a layi ba, kuma zai iya sayen daidai kuɗinsa. Haɗarinta kuwa shi ne algus, wato mai da aka gauraya ko wanda ruwa da datti suka shiga. A da akan yi gamin ne da kananzir saboda arharsa, amma da kananzir ya zo ya fi fetur tsada, wannan dabara ta daina riba. Gidan mai ma bai tsira ba: a watan Fabrairu na 2022 hukuma ta tabbatar da cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima, aka janye shi daga kasuwa, Abuja ta shiga dogayen layuka, kalmar gurɓataccen mai kuma ta cika bakin jama'a.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai. Lita da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta koma naira 537 a gidajen man NNPC na Abuja, ta kai 617 a watan Yuli na shekarar, ta kuma kai 1,030 a Oktoba na 2024. Wannan ya taɓa harshe kamar yadda ya taɓa aljihu. Maganar cika tanki ta yi ƙaranci, ta koma a zuba na kaza. Kalmar rizab, wato ɗan man da ke saura a gindin tanki domin ko-ta-kwana, ta fita daga tasha ta shiga zancen yau da kullum, har mutum kan ce ya hau rizab, yana nufin abin hannunsa ya kusa ƙarewa.

5.0 Kalmomin Zumunci

Da yawa daga cikin mahayan ba su ne masu baburan ba. Akwai maigida, wanda ya sayi babur, da yaro, wanda ke hawa ya kawo balas kullum ko mako-mako. Kalmar balas aro ce, amma dangantakar tsohuwa ce, irin ta maigida da baransa a fatauci, kuma amana ce jarinta. Haka nan adashi, wanda ta hanyarsa mahayi kan tara kuɗin sayen babur nasa na kansa. Akwai ƙungiyoyi na zamani irin su ACOMORAN, da shugabannin tasha masu yankar tikiti, amma kalmomin da ake kiran juna da su na gida ne: ɗan'uwa, Malam, Maigida, ɗan garinmu. Oga, wadda ta fito daga Yarbanci, ita ake fuskantar fasinja da jami'i da ita. Aboki kuwa, wadda a Hausa kalmar ƙauna ce, in ta fito daga bakin wanda ba Bahaushe ba yana kiran mahayi, sau da yawa takan ɗauki ma'anar raini.

Zumuncin ya fi fitowa fili a kan hanya. Al'ada ce mahayi ya tsaya in ya ga ɗan'uwansa yana tura babur, ya tambaye shi, "Mai ne ko faci?" In mai ne, ya tsiyaya masa a kwalba daga tankinsa, ko ya sa ƙafa ya tura shi har gidan mai. In salla ta gabato, ko damina ta faɗi 'yan ci-rani za su koma gona, wasu kan ɗora baburansu a manyan motoci, wasu kuma su haɗu su bi hanya tare. Hanyar Abuja zuwa Kano ta Kaduna da Zariya kimanin kilomita 375 ce, mai zuwa Sakkwato kuma sai ya ratse ta Funtuwa da Gusau. Kafin a tashi akan yi juye, a ɗaure sarƙa, a tanadi fulogi da sifana da kayan faci. Kalmomin wannan tafiya, wato guzuri, jagora, yada zango, abokin tafiya, su ne dai na ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Addu'o'in rabuwa ma ba su sauya ba: Allah ya kiyaye hanya, a sauka lafiya. Masu yawon buɗe ido da manyan babura, irin su Kunle Adeyanju wanda ya taso daga Landan zuwa Legas a 2022, Ingilishi ne harshen zumuncinsu, don haka ba su bar wa Hausa kalmomi ba.

Wannan haɗin kai yana da ɓangarensa mai muni. Taruwar da mahaya kan yi nan take in haɗari ya rutsa da ɗayansu takan rikiɗe ta zama ɗaukar doka a hannu. A watan Mayu na 2022, wani haɗarin babur da ya yi sanadin rasuwar wata fasinja ya jawo rikici tsakanin 'yan acaɓa da 'yan kasuwa a Dei-Dei, aka yi asarar rayuka da dukiya, har gwamnati ta rufe kasuwar. Kalmomi irin su ganganci da gudun wuce sa'a, waɗanda jama'a ke jifar masu sana'ar da su, suna nuna yadda ake kallonsu daga waje, kamar yadda kame da ƙwace da murƙushe suke nuna yadda su suke ganin hulɗarsu da hukuma.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa Hausar masu babur a Abuja ba gurɓatacciyar Hausa ba ce. Tana aron suna inda abu baƙo ne, tana hausantar da shi bisa ƙa'ida, tana kuma riƙe aikatau da siffantawa da kalmomin zamantakewa na gida. Wannan yana da darasi ga masu aikin ƙirƙirar kalmomin kimiyya da fasaha: kafin a zauna a ƙirƙiro suna, ya kamata a fara jin wanda bakanike ya riga ya raɗa, domin juye da hular kwano sun karɓu ba tare da wani kwamiti ya zartar da su ba.

Akwai kuma buƙatar hanzari. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun riga sana'ar zuwa duniya, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero kuwa ya fito ne a 2006, shekarar da aka kori acaɓa daga tsakiyar Abuja. A 2013 an hana ta a Kano, A Daidaita Sahu ta maye gurbinta da nata kalmomin. Sana'ar da doka ko farashin mai ke iya sauya wa kama cikin ɗan lokaci, kalmominta ma haka suke. Ya dace sassan nazarin harsunan Nijeriya su tura ɗalibai tashoshin Nyanya da Zuba da Gwagwalada su tattara waɗannan kalmomi tare da karin sautinsu, su kuma kwatanta su da na Gbagyi da Yarbanci da Ibo, domin a gano waɗanda suka ratsa ta Hausa kafin su shiga sauran harsunan yankin.